Jinin Lauwali Yana Cikin Kwalba

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin labarina. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Awabu. A Nima aka haife ni, nan cikin Ankara, babban birnin Gana, a wani gidan haya da ke bakin babban gwata, magudanar ruwan unguwar. Babana, Baba Mumuni, tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, daga baya ya zama mai gadi a kantin wani ɗan Siriya. Mahaifiyata, Mma Alima, koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida, ni ce mai zuba wa mutane. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a daminar 1962, ina da shekara goma sha tara. Ku yi mini haƙuri in na riƙa tsayawa, don har yau ban taɓa ba da shi na kai ƙarshe idona a bushe ba.

A wajen kokon nan na san Lauwali. Mutumin Dogon Dutsi ne, can ƙasar Nijar, wadda tsofaffinmu ba su daina ce wa Faransa ba. Shi da yayansa Ya'u albasa suke sayarwa a kasuwa. Dogo ne, baƙi, siriri, yana da wushirya, kuma kullum rigarsa a wanke take ko da warin albasa bai bar ta ba. Maganar farko da ta haɗa mu tsokana ce. Ya tambaye ni ina Mma, na ce ya tafi kasuwa.

"Wa ya tahi?"

"Mma."

"To ita Mma namiji ce? Ku Hausarku ta Ankara ba ta san mace ba."

Na ce, "Ku da kuka iya, me ya kawo ku garinmu?"

Ya miƙo ƙoƙonsa ya ce, "Koko."

Na juya baya don kada ya ga ina dariya. Daga ranar nan ludayinsa ya fi na kowa cika, kuma Mma ta gani, ta kau da kai.

Bayan ƙaramar Sallah Yaya Ya'u ya zo da dattawan garinsu, da goro, da kuɗin aure fam goma a ƙulle cikin farin ƙyalle. Baba ya karɓa, aka shafa fatiha, aka sa rana bayan Mauludi. Baba ya buɗe akwatinsa na ƙarfe na soja ya sa ƙullin a ƙarƙashin tsohon kakinsa. Mma ta fara tara mini tasoshi masu jan fure, tana jera su bayan labule. Ta yanko mini atamfa turmi biyu, ɗaya shuɗiya mai zanen ganye, ɗaya ruwan ƙwai. In babu kowa a ɗaki sai in ɗauko shuɗiyar in kara a jikina, in leƙa ɗan madubin da ke rataye a ƙusa, wanda daga goshi zuwa haɓa kawai yake nunawa.

Shi kuwa Lauwali ya sami ɗan fili a unguwar Maamobi, ya fara gina mana ɗaki da hannunsa. In ya tashi daga kasuwa sai ya wuce can. A wurin ginin ne wata tsohuwar ƙusa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya zo shan koko yana ɗingishi, ƙafar a ɗaure da tsumma.

"Me ya same ka?"

"Ɗakinki ne ya gaishe ni."

Da wannan ƙafar ya ci gaba da taka taɓon kasuwa, ga ruwa ana yi ba ƙaƙƙautawa. Bakin ciwon ya rufe, kowa ya ce an warke. Sai zazzaɓi ya zo. Aka ce na sauro ne, ya sha kinin. Aka dafa masa saiwoyi, aka yi masa rubutu, wani mai kemis ya yi masa allurai. Zazzaɓin ya kan sauka da safe, har ya tashi zaune ya nemi abinci, sai da yamma sanyi ya kama shi, haƙoransa su riƙa haɗuwa, a lulluɓe shi da bargo da buhunan albasa bai daina rawar ɗari ba. Duk wannan labari nake ji, ban gan shi ba. Wurin zamansa a kan benci ya zama na wani.

Wata safiya Yaya Ya'u ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce sun kai Lauwali wajen wani likita mai asibitin kansa a Adabraka, amma ba su jin abin da yake faɗi. Ya ce ya san ba ladabi ba ne, amma an ce masa na yi makaranta har aji shida, ina jin Turanci da yaren Ga. Baba ya murza carbi, sannan ya ce, "Lalura ce. Awabu, ɗauko mayafinki."

Na san za ku ce me ya hana a kai shi babban asibiti. Ni ma na tambaya a hanya. Yaya Ya'u ya ce a can ya kai matarsa da naƙuda, ya dawo shi kaɗai. Ya ce bai ɗora wa kowa laifi ba, kwananta ne ya ƙare, amma ƙafarsa ba za ta ƙara taka ƙofar nan ba. Na ga fuskarsa, na bar maganar.

Asibitin wani tsohon bene ne mai matakalar katako. Gadaje kaɗan ne a ɗakin, ga warin magani. Sai da na wuce Lauwali na dawo, don ban gane shi ba. Kumatunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage, idonsa ya yi zuru-zuru. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin jan zane ya rufe ƙirjinsa.

"Ɗiyar Baba Soja, ke ce?"

"Ni ce. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Wa kika bar wa ludayi?"

Na ajiye kwanon kokon da na zo da shi a ƙarƙashin gado, na tsaya ina gyara ɗankwalina wanda babu abin da ya same shi.

Likitan dattijo ne, ɗan ƙabilar Ga, mai furfura a gefen kai. Ya kira mu ofishinsa, ya yi magana a hankali don in iya juyawa. Ya ce ciwon ya bar ƙafa ya shiga jini. Akwai ƙwayar cuta da ke yawo a jikinsa duka, kuma alluran da ake yi masa ba ta jin su. Ya ce ƙwayoyin iri-iri ne, kowace da maganin da ke kashe ta, shi kuma ba zai san wacce ce ba sai an gwada. Za a ɗebi jini a zuba a kwalba mai wani ruwa kamar romo, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar kaza na kwanci. In ƙwayar ta hayayyafa sai a gane ta, a gwada mata magunguna, a ga wanda ta ji tsoro.

Na juya wa Yaya Ya'u. Ya dube ni, ya dubi likita.

"Ƙanwata, jinin mutum za a shuka kamar gero?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"In ba a yi ba fa?"

Na tambaya. Likita ya ce zai ci gaba da lalube, ko ya dace ko kada ya dace, kuma jikin yaron nan ba shi da sauran ƙarfin jiran lalube.

"Nawa ne?"

Fam biyar. Ya ce ba shi ke yi ba, wani ɗakin gwaje-gwaje ake kaiwa, kuma su sai sun ga kuɗi suke karɓar kwalba. Ya ƙara da cewa in babu, a ɗauke shi zuwa babban asibiti, can ba za a nemi wannan ba, zai rubuta takarda. Na faɗa wa Yaya Ya'u har sau biyu. Ya girgiza kai kawai. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce ruwa ya ruɓar musu da albasa, jari ya tafi a kwanon rufi da siminti, ragowar ta tafi a gado da allura. 'Yan garinsu sun riga sun haɗa abin da suka iya. Ya ce, "Ki ce masa ya ba ni mako guda." Likita ya ji, ya cire tabarau ya goge. Na gane mako guda ya yi wa Lauwali nisa.

Da zan tafi Lauwali ya yafito ni. Ashe bangon katako ne, ya ji komai.

"Awabu, kada ki roƙi kowa sabili da ni."

"Ba roƙo zan yi ba."

"Na san idonki. Kada ki yi."

'Yan uwa, ku gaya mini, in ku ne fa? Duk hanyar dawowa cikin tirotiro, motar haya, abu ɗaya nake gani, farin ƙyallen nan a ƙarƙashin kakin Baba. Kuɗinsa ne, gumin kansa ne, yana kwance a akwati shi kuma yana can yana ƙarewa.

Ban iya tunkarar Baba ba, sai na sami Mma a bayan gida tana tace gasara. Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata komai. Ta ci gaba da matsa tsumman tata, ba ta kalle ni ba.

"Yaya kika gan shi?"

"Ya rame, Mma."

"Idonsa fa? Ya faɗa ciki?"

"E."

"Ƙafafunsa da sanyi?"

"Ban taɓa ba."

Ta wanke hannunta ta ce in bar mata maganar.

Washegari kafin Baba ya fita aiki ta same shi, aka kira ni. Yana zaune a kan buzunsa. Na zauna a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"Awabu, kin san abin da kike nema?"

"Kuɗin magani, Baba."

"Kuɗin da ya shigo gida da sunan aure, in ya fita, da auren yake fita. Haka kowa ya sani daga nan har Salaga. Ni Mumuni na shafa fatiha gaban dattawa, sannan a ce na mayar da kuɗi don yaro ya kwanta? Da wane ido zan shiga masallaci?"

Ban san sanda hawaye suka fara zuba ba. Sai na ji Mma ta ce, "Maigida, rai ya fi ido. A mayar musu. In yaron ya mutu kuɗinsa na akwatinka, wannan kunyar ta fi."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in faɗa jikinta. Mma ba mai goyon bayana ba ce a gaban Baba, yau ga ta tana yi mini faɗa.

Baba ya kafe akwatinsa da ido. Can ya tashi, ya jawo akwati, ya buɗe, ya fito da ƙullin. Bai kwance ba.

"Alima, ni aiki zan tafi. Ke za ki kai. Ki ce wa Ya'u rance ne daga hannuna zuwa nasa. Ki ce masa magana tana nan inda take, ranar da aka sa ba ta motsa ba. Kin ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Rance ne, magana tana nan."

Ta shiga ɗaki ta ɗaura zanenta na zuwa suna, mai ruwan goro, ta sa kwalli, ta yafa farin mayafi. Na ga ta tsaya wajen mai goro a bakin hanya ta sayi ɗan ƙulli. Na ce a raina gaisuwar mara lafiya ce. Na so in bi ta, ta ce yarinyar da aka sa wa rana ba ta zarya a gaban dangin miji, jiya lalura ce, yau kuma rashin kunya ne.

Da ta dawo na tare ta tun daga zaure.

"Mma, kin ba su?"

"Na ba Ya'u hannu da hannu."

"Za a ɗebi jinin?"

"Yau ɗin nan. Ke kuma haɗa kayanki. Ƙanwata Sanatu ta haihu a Alajo, ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ki zauna har suna."

Haka na tafi Alajo da zuciya mai sauƙi. Ina dafa ruwan wanka, ina wanke tsummokin jariri, ina dama kunun kanwa, ina ta lissafin cewa yanzu jinin yana cikin ɗumi, yanzu ƙwayar ta fara nuna kanta. Duk sallar da na yi sai na roƙi Allah ya tona asirin cutar nan. Har waƙa na riƙa yi wa jaririn. In na tuna waƙar nan yanzu, kunyar kaina nake ji.

Ban iya jiran suna ba. Ranar Juma'a da hantsi na ce wa Inna Sanatu zan je kasuwa, na ɗaura ɗankwali, na hau mota sai Adabraka. A hanya na sayi lemo, na ce ko zai iya tsotsa.

Gadonsa a gyare yake, an shimfiɗa sabon zane, babu kowa a kai.

Lemon ya zube a ƙasa. Wata nas ta riƙe ni ta zaunar da ni, tana cewa, "Bai mutu ba, bai mutu ba. Jiya da safe ɗan uwansa ya ɗauke shi. Mun hana, sun ƙi."

Likita ya ji muryarmu ya fito. Da ya gan ni sai ya ce, "Ke nake nema. Zo." Ya kai ni ofis. A kan teburinsa ga wata 'yar kwalba da aka dawo da ita, ruwan cikinta ya yi duhu ya gurɓace kamar tsohon tsimi. Ya ce an gane ƙwayar. Ya ce gaskiya ne, allurar da aka yi ta yi masa ba ta taɓa ta, amma akwai wata da ke kashe ta, kuma yana da ita a kabad ɗin da ke bayansa. Ya nuna mini da hannu.

"Maganin ga shi. Ina mara lafiyar?"

Na ce ban sani ba.

Ya rubuta sunan ƙwayar da na maganin a 'yar takarda, ya ce duk asibitin da aka nuna wa za su gane. Ya ce in gaggauta, don jiya ma da ƙyar ya sauka matakala. Na naɗe takardar na cusa a cikin ɗankwalina.

Daga nan Maamobi na nufa, rabi tafiya rabi gudu. Ranar na fara ganin ɗakin da ake gina mini. Bango ya kai, rufi rabi, babu ƙofa. Ya bar wurin taga ta gabas. A ciki ruwan sama ya taru a tsakiya, ga fallayen kwano a jingine. Ɗakin da suke haya yana kusa, an sa masa kwaɗo. Wani abokin kasuwarsu, Ɗanbala, yana zaune a dakali yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ya gane ni. Bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

"Malam Ɗanbala, ina suka tafi?"

"Gida."

"Wane gida?"

"Dogon Dutsi. In Allah ya kai su."

"Da wannan jikin? Me ya sa?"

Ya ajiye albasar ya dube ni sosai. "Ke kike tambaya? Bayan kun maido kuɗi?"

"Rance ne. Baba ya ce rance ne."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce yana wurin, a ƙofar asibiti, sanda Mma ta zo. Ta ajiye goro da ƙulli a gaban Ya'u, ta ce maigida ya ce a maido muku kayanku, Allah bai yi ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya ce Ya'u ya so ya ƙi taɓawa, amma ya tuna ƙaninsa, ya haɗiye, ya shiga ya biya kuɗin gwajin. Ya yi niyyar ɓoye wa Lauwali har ya warke. Shi kuwa Lauwali ya ga an ɗebi jini, ya nace sai an faɗa masa inda kuɗi ya fito. Ya'u bai iya ƙarya ba.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, ya juya fuska bango. Washegari ya daina karɓar ko ruwa. Ya ce tunda gidanku sun ga mutuwa a jikinsa, su ne masu gaskiya, a kai shi ya mutu kusa da tsohuwarsa. Ya'u ya ce a jira gwaji, ya ce gwajin na wa? Ragowar kuɗin da ita aka biya mota."

Na zauna a ƙasa, cikin taɓo, da zanen jikina.

"Ya bar miki saƙo," in ji Ɗanbala. "Ya ce bai riƙe ki da komai ba, ko shi ne uwa haka zai yi. Ya ce kwanon rufin da ya rage a ba Mma, rumfar kokonta tana yoyo."

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar Baba ya dawo daga masallacin Juma'a, yana zaune a tsakar gida da farar rigarsa. Mma tana jiƙa wake. Ta ga zanena, ta ga fuskata, ta gane. Ba ta ko tsame hannunta ba.

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Mma murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na durƙusa a gaban Baba na faɗi abin da na ji, daga asibiti har Maamobi. Matan gidan haya duk suka yi tsit a ƙofofinsu.

Baba ya juya a hankali. "Alima, haka ne?"

"Haka ne."

"Na ce ki maimaita, kin maimaita."

"Na maimaita." Ta tsame hannunta ta goge a zane. "Maigida, kafin ka aure ni ka san abin da na gani. Wata biyu da ɗaurin aurena na fari aka shigo mini da gawa. Lallen ƙafata bai goge ba na shiga takaba. A Salaga mata suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce, ana cewa ƙafata ce. Sai da na bar garin. Ita ta ce mini idonsa ya faɗa. Na san wannan idon. In ya mutu da sunanta a bakinsa, wa zai ƙara sallama a gidan nan? Na ce gara a ce mun fasa, da a ce ta ci shi."

"Mma, an sami maganin," na ce. "Yana cikin kabad."

Sai a lokacin fuskarta ta canja. Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba. Bakinta ya motsa, ta ce, "Ni na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba. Ta zauna a kan turmi, ta sa mayafi ta rufe fuskarta.

Na so in tsane ta, 'yan uwa. Na nemi tsanar a cikin zuciyata ban same ta ba. Abin da na samu ya fi tsana ciwo.

Baba bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwati. Ya fito ya canja riga, ya ɗaura tsofaffin takalmansa na soja, ya rataya 'yar jaka. Ya ce da mara lafiya a mota ba za su wuce Kumashi ba su huta ba, kuma ya san maigidan da mutanen Nijar ke sauka wurinsa a zango. In sun wuce, jiran jirgin fito a Yeji zai tsayar da su.

"Da sunana aka yi wannan magana, da bakina zan gyara ta. Awabu, ina takardar?"

Na taɓa ɗankwalina.

"Ki riƙe. Ke ce mai Turanci. Canja zane, mu tafi."

Da muka zo fita, Mma ta biyo mu zaure. Ta kwance bakin zanenta, ta juye mini duk cinikin kokon ranar a tafin hannu, kwabbai da sisi-sisi masu maiƙon ƙosai. Ba ta kalli idona ba, ni ma ban kalli nata ba.

Tasha ta cika da hayaniya, ga 'yan kaya, ga masu burodi, ga ruwa ya fara yayyafi. Baba ya riƙa bin motocin Kumashi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko wani ya ga 'yan Nijar biyu, ɗaya mara lafiya, jiya da safe. Wasu suka ce ba su lura ba. Can aka nuna mana wani direba, Imurana, wanda shigowarsa ke nan daga Kumashi, yana wanke fuska da ruwan buta.

Ya saurari Baba, ya yi ɗan tunani.

"Jiya da azahar na ga motar abokina Braimah a tsaye a Nkawkaw, rabin hanya. Ana sauko da wani dogon mutum daga baya. Wani mai hula yana riƙe da kansa."

"A raye?" in ji Baba.

"Baba, ina tuƙi ne, ga ruwa. Na ga dai an shimfiɗe shi a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da farin zane."

Ban san na matso ba sai da na ji muryata. "Har fuska?"

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ajiye butar.

"'Yar uwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Mutane sun kare ni. Ban ga fuskar ba."

Baba ya kama hannuna, abin da bai yi ba tun ina ƙarama. Yaron mota yana ta kiran Nkawkaw, Kumashi, saura mutum biyu.

Muka hau.